Baƙon da Ya San Zane

Tun da aka buɗe nunin zanen Maharazu a zauren gidan matasa na Samariya da ke Tasawa, masu shiga ba su wuce masu neman inuwa ba. Shekarar fari ce, soja ke mulki, kowa ta cikinsa yake yi. Wa zai bar layin hatsin taimako ya zo kallon hoton rumbu?

Maharazu bai damu ba, ko dai ya ce bai damu ba. A jikin motocin kasuwa ya koyi zane, kuma ya ji ƙishin-ƙishin cewa za a turo wani masani a ɓoye ya zaɓi aikin da za a kai Maraɗi. In an zaɓe shi, ya huta da rubuta "Allah Ya Kiyaye" a bayan manyan motoci. In ba a zaɓe shi ba, matarsa Furera ta samu abin tsokana har tsufa, don tuni take kiran zauren "gonar Malam".

Fenti daga Katsina yake sayo shi, amma ƙyallen zane babu ko na magani. Sa'a ce ta faɗo masa. Inusa, yayan Furera, mai riƙe da makullin ɗakin ajiyar hatsin taimako, ya kawo wa ƙanwarsa ɗaurin buhunan wofi, sababbi fil, ya ce ta yi makamashi da su. Maharazu ya ce hauka ake yi? Ya ɓoye su, ya ɗame kowanne a katako, ya shafe fuska ɗaya da farar ƙasa da ƙaro. Inusa bai ko leƙo nunin ba, yana can yana sa wa ɗakinsa rufin kwano.

Wata hantsi sai ga baƙo, dogo, cikin tsohuwar riga, amma takalminsa na ƙyalli. Ya tsaya gaban hoton shanu a bakin busasshiyar rijiya. Ya shafa gefensa. Ya sauke shi daga ƙusa, ya juya shi, ya daɗe yana dubawa. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Murna ta kama Maharazu. Ɗan kallo fuska yake gani, masani kuwa har ɗinki yake dubawa.

"Aikinka ne duka?" in ji baƙon.

"Da hannun nan, ranka ya daɗe."

"Ƙyallen fa, daga ina?"

"Sirrin sana'a ne," Maharazu ya rage murya, "amma tunda kai ne..." Ya kwashe labari kaf ya ba shi, har da sunan mai kyauta, don shi ba butulu ba ne. Ya ƙara da cewa akwai saura a gida.

Baƙon ya ce lalle waɗannan sai Maraɗi, har da na gidan. Kafin la'asar an loda su a mota, ana lallaɓa su kamar ƙwai.

Ranar nan, Tasawa ba ta huta ba. Mai shayi ya ji, mahauta sun ji, har makiyayan da suka gangaro daga Isawan da ragowar dabbobinsu, masu cewa buhu ko ɗaya bai kai garinsu ba bana, sai da suka saurari labarin Maraɗi. Furera ta ce, "To Malam, gona ta yi kyau. Saura mu ga abin da za a girba."

Bayan sati aka aiko mota musamman, har da jandarma a gaba. Maharazu ya sha babbar riga, ya karya hula, ya ɗaga wa maƙwabta hannu.

Zauren Maraɗi ya cika maƙil, ga manya a jere. Ya hango masanin nan, yau cikin kakin soja. Ya hango Inusa ma a gaba, kansa a sunkuye, ya ce a ransa, ashe dai dangi dangi ne.

Sannan ya ga zanensa duka a jikin bango, kowanne fuskarsa na kallon bangon, bayansa na kallon alƙali, ga hatimin hatsin taimako ɓaro-ɓaro da sunan Isawan.