Lanƙwasa Gwiwarki

Ina 'yar shekara takwas na tsinto conker a hanyar makaranta, ƙwallon bishiyar nan mai ƙaya a jiki. Don in wanke taɓonsa, na jefa shi cikin bokitin ruwan ɗumi da Mama ta ajiye wa Kaka a banɗakin flat ɗinmu na Cheetham Hill.

Kaka, mahaifin Baba, ya shigo alwalar La'asar. Yana ganin abu mai ƙahoni na yawo a kan ruwa sai ya ƙame.

"Kada ki motsa," in ji shi. "Lanƙwasa gwiwarki."

Na ɗauka tsokanar da muka saba ce, na yi dariya. Ya damƙi kafaɗata ya danna ni har na tsuguna. Ƙwallon ya matsa a hankali, ya taɓa gefen bokiti. Kaka ya runtse ido.

Ba abin da ya fashe.

A tsugunen ya ba ni labarin. Lokacin yaƙin duniya ya yi aiki a jirgin ruwa mai share nakiya, bam ɗin teku mai ƙahoni, daga Takoradi. Ranar da suka hau kan wata, yana tsugune yana alwala, abokinsa Isiyaku na tsaye yana zuba masa ruwa. Bugun ya zo ta ƙasa, ya karya ƙafafun duk wanda ke tsaye. Jirgin ya nutse.

"Ni na yi iyo, amarya. Isiyaku da wace ƙafar?"

Yanzu Baba ya tsufa, ni ke zuba masa ruwan alwala. A tsugune nake yi.