Dangin Jimina

Tun da aka kafa dokar ruwa, dabbar da ba ta da dangi a duniya kaɗai ake ba rabon ruwa. Baba Jatau ya kai jiminarsa, ta ƙarshe a garin, ofishin gwajin jini.

Ma'aikaciyar ofishin ta duba na'ura. "Baba, tana da 'yan'uwa. Wasu ƙananan tsuntsaye ne a ƙetaren teku, su ma ba sa tashi sama. Kakansu ɗaya."

"Yaushe rabonsu da juna?"

"Shekaru miliyoyi."

"Wannan ne zumunci?"

Ta soke katin ruwan jiminar, ba ta ɗago kai ba.

Ya shafa wuyan jiminar, ya ɗauki jarkarsa babu ko ɗigo. A bakin ƙofa ya juyo.

"'Yata, tunda kin san gidansu, aika musu. Jibi su zo mana ta'aziyya."