Gyaran Muryar Malam Ilu

Tun da aka kafa dokar, ranar sadakar arba'in ake goge duk muryar mamaci da bangon gida ya naɗa. Abu ɗaya tak ake bar wa iyali.

Ma'aikaciyar da ke goge muryoyin ta zo da hantsi, ta yi wa Iya Tabawa ta'aziyyar mijinta, Malam Ilu. "Iya, wanne za a bari?"

Kubura, babbar jikar Malam Ilu, ta ce tatsuniyarsa. Ɗansa ya ce a'a, addu'ar da yake wa yara in za su makaranta.

Iya Tabawa ta ce, "Gyaran muryarsa za ki bar mini."

Ma'aikaciyar ta ce, "Iya, ai wannan ba magana ba ce."

"'Yar nan, tun ina amarya bai taɓa shigowa bai yi shi a zaure ba, don kada ya firgita kowa. Da shi muke sanin ya dawo lafiya."

Aka goge sauran.

Bayan la'asar, bangon zaure ya yi gyaran murya. Ƙananan jikoki suka zuba a guje suna "Oyoyo Kaka!" Iya Tabawa ta gyara ɗankwali, ta ɗebo ruwa a kwanon shansa, ta tsaya.

Labulen ƙofa bai motsa ba.