Bisa Raɗin Kaina

"Yi haƙuri Malama, ba ki cancanta ba," in ji ma'aikacin ofishin tallafin marasa aikin yi. Ya turo mini takardata ta ƙasan gilashi.

"Kamar yaya? Shekara ashirin da biyu na yi a masana'antar tayar nan kafin su kore ni."

"A takarda ba korar ki aka yi ba. Duba sharaɗi na tara."

Ba sai na duba ba. "Na ajiye aiki bisa raɗin kaina." Sai ka sa hannu a nan ake ba ka kuɗin sallama, albashin wata biyu, wanda haya da ɗumama gida suka lashe tun ƙanƙarar hunturu ba ta narke ba.

"Raɗin kaina? Mai gadi ne fa ya raka ni har mota, ina rungume da kwalin kayana."

"Duk 'yan masana'antarku haka suke faɗa." Ya rage murya. "Wanda ya rubuta sharaɗin nan ba shi da imani. Babana ma ya sa hannu."

Na waiwaya. Rabin masu bin layin na san su. Sun zuba mini ido.

A ofishin kula da ma'aikatan masana'antar na yi aiki. Manaja ya faɗi sharaɗin, ni na buga shi a takarda. Ni ke miƙa musu biro da murmushi ina cewa, "Ƙa'ida ce kawai."

Ranar da aka zo kaina, da wannan biron na sa hannu.