Jinyar Zuliha

Tun ranar da aka ce Zuliha na da ciwon dajin nono, matan unguwa suka daina aron turminta. Ikilima, yayar mijinta Kashim, ba turmi ne ya dame ta ba. Ita ta goya Kashim bayan rasuwar innarsu, ga shi tana kallo yana ƙarewa kamar sabulu a ruwa.

Duk bayan mako uku sai ya bi Zuliha su hau motar Minjibir zuwa asibitin birni. In sun dawo, ita ta hura wuta, shi ya shige ɗaki. Mutumin da ke tuɓe riga ya nome rabin gona kafin hantsi ya dubi ludayi, yanzu garma ta gagare shi. Ya daina zama majalisa. Rannan Ikilima ta same shi bayan rumbu yana kuka, namiji da gemunsa. Abin ya ƙona mata rai. Ciwo na wata, ramewa ta ɗan'uwanta?

Ikilima ba ta barin ta kwana. Ta wanke ƙafa ta tafi Bagwai wajen mahaifin Zuliha.

"Baba, jinyar mace a gidan iyayenta ake yi. Ku ɗauke ta Kashim ya samu ya huta, kada a yi biyu babu."

Tsohon ya ji kunya, ya zo da kansa. Zuliha ta durƙusa ta ce, "Baba, in na tafi..." Sai ta zuba wa mijinta ido tana jiran ya buɗe baki. Kashim ya sunkuyar da kai. Haka ta ɗaure kayanta tana hawaye.

Ikilima ta karɓi girki, ranta fes. Zuwa birni ya ƙare, tunda mai ciwon ta tafi. Amma tuwo yadda ta kai haka take ɗaukowa. Sau biyu Zuliha na aiko da saƙon ya zo, bai je ba. Magana ma ta ɗauke masa. Kafin a girbe gero, ya rasu.

Zuliha ta iso kafin azahar, ta tare ƙofar ɗaki. "Ya bar wasiyya. Ni kaɗai zan yi masa wanka." Liman ya ce ya halatta, masu wanka suka koma zaure.

Ikilima ta ga abin ya yi yawa. Majinyaciya ce za ta iya juya gawar namiji? Ta ɗauki bokitin ruwa, ta tura ƙofar ba sallama.

Zuliha ta cire hijabinta, tana ɗaure da zani, ƙirjinta lafiya lau. A kan tabarma kuwa Kashim ne kwance, da dogon tabon ɗinki daga inda aka yanke masa nonon hagu har zuwa hammata.