Tambaya ta Goma

Bayan ɗalibanta sun tashi, malamar ta zaunar da saurayinta a gaban teburin ajin, ita ta zama shugabar masu yi masa intabiyu gobe. Shekara biyu yana yawo da takardu, sai yanzu aka kira shi.

"Daina wasa da yatsunka," ta ce. "Dube ni cikin ido, kuma ban da jinkirin amsa."

Tambaya tara ya amsa tiryan-tiryan. Sai ta gyara zama, ta ƙura wa takardar ido.

"Idan muka tura ka reshenmu na nesa, shekara uku ba dawowa, akwai abin da zai riƙe ka?"

"Babu, ranki ya daɗe. Ni kaɗai ne, ba ni da nauyin kowa."

Ya yi murmushi yana jiran yabo. Ita kuwa tana ta murza alli har ya zama gari a hannunta.

"Za su ɗauke ka," ta ce a hankali. "Ko numfashi ba ka ja ba."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Da ya jawo takardar don ya ƙara bita, sai ya ga tambayoyin tara ne kawai.