Mai Babur Da Kwanar Bakin Kwari

An yi wani mai babur, gajere ne amma gwanin tuƙi, a wani ƙauye da ke bayan dutse. Hanyar garinsu tana da wata kwana mai sharri: dama dutse, hagu kwari, ƙasar kuma ta karkata wajen kwarin. Wata rana ya ɗauko matarsa da tsohon ciki, ya kwantar da babur a kwanar nan, sai salansar babur ɗin, wato bututun hayaƙi, ta gogi ƙasa har da tartsatsi. Matar ta damƙe rigarsa, kuma har suka isa gida ba ta sake ta ba. Abin ya tsaya masa a rai. Da ta haihu ta tafi wankan jego gidan iyayenta, sai ya kai babur wurin bakanike, ya ce a cire shokozoba, wato ƙarafunan nan masu sifirin da ke ɗauke da bayan babur, a sa masa dogaye masu tauri. Aka sa. Babur ya miƙe kamar ingarma. Ya riƙa shan kwanar nan safe da yamma, ko sau ɗaya ƙarfe bai taɓa ƙasa ba, yana ta ƙiyasta yadda za ta saki rigarsa ta yi murmushi. Abu guda ne bai kula ba: yanzu in ya tsaya, kan yatsunsa kawai ke kai ƙasa. A fili wannan ba komai ba ne, shi ya sa bai ɗauke shi komai ba.

Ranar da ta gama wanka ya je ya ɗauko ta, jariri goye a bayanta, an ɗaure da majanyi. Suka shiga kwanar lafiya lau, sai ga garken shanu sun cike hanya. Ya taka birki, babur ya tsaya a daidai inda ƙasa ta fi karkata, ya fara rinjaya hagu. Ya miƙa ƙafa, ya ji iska. Ya ƙara miƙawa, sai babban yatsansa ya sami tsakuwa, tsakuwar kuma tana zamewa. Nauyin mutum uku da ƙarfe ya taru a kan yatsa ɗaya. Gumi ya shiga idonsa, shanu kuwa suna wucewa a hankali kamar ba su da wurin zuwa. Ya san abin da ya saya da hannunsa: nauyinta ne ya danne sifirin ɗin, in ta sauka babur zai ƙara tashi, yatsan nan ma ya rabu da ƙasa. In kuma ta zauna, su uku za su tafi. Sai ya tausasa murya don kada ta firgita, ya ce, "Sauka ta dama, a hankali. Riƙe yaron, kada ki riƙe ni." Ta yi jinkiri, hannunta na kan rigarsa. Sannan ta saki. Tana dira, babur ya ɗaga, ya kife da shi a bakin kwarin, ƙafarsa a ƙarƙashi, har makiyayin shanun ya ji ƙarar karyewar ƙashi. Wani kututture ne ya tare shi da babur ɗin, ba su gangara kwarin ba.

Damina ta ƙare yana kwance hannun maɗori. Ranar da za a kai jariri allura, ta tagar ɗaki ya hango matarsa ta hau babur ɗin maƙwabci, wani tsohon ƙarfe mai gogar ƙasa a kowace kwana. Hausawa dai sun ce: garin neman gira, a rasa ido.